Ranar da Aka Zo Duba Gidan Malam Gwadabe

Damina ta ƙi sauka a shekarar nan, shekarar da yaƙi ya shiga ta biyu. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas, baƙi ƙirin, ya tsaya a kan birni kamar zai faɗo, can kuma iska ta kwashe shi. Har mutane suka gaji da ɗaga kai. Abin da aka fi kasa wa kunne shi ne kukan jirgin ƙasa daga tasha, don kowa ya san abin da yake kwasa ya yi kudu da shi, kowa kuma ya san abin da yake dawowa da shi.

A wani lungu cikin Yakasai akwai gidan Malam Gwadabe baduku. Gidan ƙasa ne na gado, zaure da shigifa a bakin hanya, sai tsakar gida da ɗakuna biyu daga ciki. Ya yi zamaninsa yana ɗinkin fata a Kasuwar Kurmi, har ciwon yana ya rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya koma dishi-dishi, basilla ta riƙa samun yatsa maimakon fata. Sai ya bar rumfa ya dawo zaure. Matarsa Gwaggo Mero ce take ɗan kaɗi, ta sayar da zare, a sami na gari. Kwanukan jerenta kuwa tuni sun bi 'yan koli ɗaya bayan ɗaya.

Ɗa ɗaya Allah ya bar musu, Isyaku, shi ma ya bi samari ya shiga soja tun farkon yaƙi. Da farko akan ji labarinsa a bakin masu dawowa. Daga baya sai shiru.

Gwaggo Mero ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. "Yaron nan" take cewa. Ta ji mata suna faɗa a gidan suna cewa wasu sojojin suna dawowa ƙarar bindiga ta taɓa musu kai, ba sa gane uwa, ba sa gane uba, ƙafa ce kawai take kawo su ƙofar gidansu. Tun daga ranar ta ɗora ranta a kan ƙofar zauren nan.

"Ta nan ya fita," takan ce. "In ya zo bai same ta ba, wucewa zai yi."

To, ana cikin haka sai mai shela ya zaga unguwa. Ya ce saboda halin da ƙasa take ciki an ƙara kuɗin gida, kowane mai gida zai biya, wanda ya ƙi za a tafi da shi. Amma hukuma ta tausaya wa tsofaffi: dattijon da yake zaune a gidan kansa, ƙarfinsa ya ƙare, ba shi da mai ɗauke masa, an yafe masa. Sharaɗin ɗaya ne, sai ma'aikaci ya zo ya gani da idonsa.

Wanda ya fara zuwa bayan shelar nan Ɗanladi ne, dillalin gidaje. Dama ya saba zuwa. Mutum ne mai fara'a, ba ya zuwa hannu sake, ko yaushe da ɗan goronsa. Sai dai in yana hira hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, yana ta bubbuga bangon zaure kamar mai taya rago a kasuwa.

"Baba, kun ji shela?"

"Ido ne ya tafi, Ɗanladi, kunne yana nan."

"Wallahi ku nake ta tunani. Maganar nan da na taɓa kawowa tana nan fa. Mutumin nan sito kawai yake so a bakin hanya. Zauren ne da shigifa, shi ke nan. A huda muku 'yar ƙofa ta baya, ku yi zamanku, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

Daga cikin gida aka ji muryar Gwaggo Mero. "Ɗanladi, ka gaida mutan gidan."

Ya yi dariya, ya miƙe, ya kaɗe riga. "Gwaggo ta kore ni. Zan dawo, Baba."

Mai unguwa ne ya kawo ɗaya maganar. Ya ce ya riga ya ba da sunan Malam Gwadabe cikin waɗanda za a zo dubawa.

"Cikin gajiyayyu ka sa ni ke nan," in ji tsohon. "Ni da na ɗinka wa mahaifinka sirdi."

"Haba Malam, haƙƙinka ne, ba roƙo ba ne."

"Ubana ya mutu a gidan nan bai taɓa cewa ba shi da shi ba."

Gwaggo Mero ta matso bakin shigifa. Ba ta ɗaga murya ba. "Malam, ƙofar," ta ce.

Ya sunkuyar da kai, ya ce to, a zo a duba.

Labari ya bazu a lungu cewa baƙo zai zo daga ofis, har cikin gida zai shiga. Bayan sallar azahar, a ƙofar masallaci, Ɗanladi ya tsaya yana sa takalmi yana magana kamar da kansa yake. Ya ce shi abin da yake damunsa, a ce baƙon hukuma ya shigo ya tarar da dattijo kamar Malam Gwadabe cikin zaure a tsage, indararo a karye, alhali ga maƙwabta suna da rai. Ya ce ba Malam za a zaga ba, 'yan lungun za a zaga. In za a yi yaɓe, shi ya ɗauki nauyin makubar da za a shafe bangon da ita. Ko da wata manufa ya faɗa, ko babu, Allah ne masani. Abin da aka sani, maganar ta shiga kowa, don babu wanda ba a haka aka rene shi ba. In baƙo zai zo, a rufa wa mai gida asiri.

Kashegari da sassafe sai ga Gambo magini da yaransa, sun zube jar ƙasa a ƙofar gida. Gambo sa'an Isyaku ne, tare suka yi makarantar allo, kuma tun yana ƙarami Gwaggo Mero take kiransa angonta.

"Ango, yau kuma me ka zo rushe mini?"

"Gyara na zo yi, amarya. Kin bar gida ya tsufa kamar ke."

"Ja'iri. Kai da ko zanen sallah ba ka taɓa yi mini ba."

"Ai ga shi zan yi wa bango. Shi ba ya ƙorafi."

Ta yi dariya, rabonta da dariya an daɗe. Ta tsaya tana kallonsu suna cusa ƙasa a babbar tsagar da ta taso tun daga ƙasan bango har kusa da azara. Can dariyar ta ɗauke.

"Gambo, kada dai ka gyara shi da yawa."

"Ana gyara da yawa ne, Gwaggo?" Ya watsa wani curin ƙasa ya bi shi da tafin hannu.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Tani ta gidan da yake kallonsu ta leƙa ɗakin Gwaggo Mero, ta ga bango fayau, sai gurbin da kwanuka suka bari. Ta riƙe baki.

"Gwaggo, nan zai leƙo? Namiji baƙo? Wallahi ba da ni ba."

"Bar shi, Tani. Abin da yake nan shi zai gani."

"Ki rufa mana asiri. Gobe a ce a lungunmu aka ga haka?"

Kafin la'asar fanteka da langa da tasoshi sun fito daga gida-gida a ƙarƙashin mayafi. Aka jera, aka goge, ɗaki ya ɗauki ƙyalli kamar na amarya. Wata ta kawo shimfiɗa, wata ta kawo labule. Alhaji Ashafa mai sayar da yadi, wanda katangarsu ɗaya, ya aiko da babbar riga 'yar tsamiya da hula, ya ce a gaya wa Malam kada ya ce komai, tsakaninsu ne. Wani ya kawo zakara. Kowa ɗan abin da ya kawo kaɗan ne a ganinsa, ba wanda ya tsaya ya dubi abin gaba ɗaya.

Da magariba ta gabato Malam Gwadabe ya tashi zai tafi masallaci. Shekarun nan da idonsa ya raunana, tsagar bangon nan yake bi da yatsa, ita take kai shi bakin ƙofa. Ya miƙa hannu ya ji sumul, da sanyin ɗanyar ƙasa. Ya shafa dama, ya shafa hagu. Ya tsaya a tsakiyar zauren da aka haife shi a bayansa, bai san ina ne gabas ba, sai da Gambo ya kama hannunsa.

"Ya yi kyau ko, Baba?"

"Ya yi," in ji tsohon. "Kamar ba nawa ba."

A waje hadari ya sake haɗuwa, ya yi ta gurnani, bai zubar ba.

Ranar da aka sa, ma'aikacin ya iso da hantsi a kan keke. Saurayi ne siriri cikin kaki, duk ya yi gumi, da gani ya sha yawo. Mai unguwa ya raɗa wa na kusa da shi cewa yaron ya sha wahala a wasu unguwanni, inda masu hali suke ɓoye rediyo a rumbu su fito cikin tsumma. Saboda haka shugabansa ya ja masa kunne, abin da ido ya gani shi kaɗai zai rubuta, kuma a gaban shaidu.

Ya jingine keke, ya ɗaga kai ya dubi bango. Sabon yaɓe, jawur, har da ɗan zane a saman ƙofa da Gambo ya ƙara don jin daɗinsa. Ya dubi mai unguwa.

"Nan ne?"

"Nan ne."

Zaure a cike. Dattawan lungu sun zauna a tabarmi, Alhaji Ashafa a gaba, Gambo da samari a bakin ƙofa, Ɗanladi a can lungu yana ɓare goro. Malam Gwadabe yana tsakiya a kan buzu, cikin rigar tsamiya, ya yi kwarjini kamar wani attajirin fatake. Ƙanshin soyayyiyar kaza yana fitowa daga cikin gida.

Saurayin ya durƙusa ya gaida shi. "Baba, ina kwana? Yaya ƙarfin jiki?"

"Alhamdulillahi."

"Yaya hidima? Ana samun na abinci?"

"Sai godiya. Ba mu rasa komai ba."

Aka yi masa iso ya shiga ciki. Ya leƙa ɗakin Gwaggo Mero, ƙyallin kwanuka ya dake shi a ido, ya tsaya jim. Ita tana gefe a lulluɓe, ta buɗe baki za ta yi magana, ta ga Tani da sauran mata a tsaye suna murmushin jin daɗi, sai ta ce masa sannu da zuwa kawai.

Ya dawo zaure ya zauna. Ba wawa ba ne, shi ma ɗan birni ne. Ya ji warin ɗanyar ƙasa. Ya ga rigar ta yi wa tsohon yawa a kafaɗa, ga karin ninki a jikinta, ga ƙanshin adakar da ba ta gidan nan ba. Ya dubi taron, da alama yana so ya ce a ba su wuri, amma duk sa'o'in ubansa ne, bakinsa ya kasa.

"Yaɓen nan sabo ne," ya ce a hankali. "Wa ya yi?"

"Ni ne," in ji Gambo, ya gyara tsayuwa.

"Taimako ka yi wa Baba ke nan?"

Gambo ya ji kamar an zagi tsohon. "Wane irin taimako? Baba ya sallame ni tsaf, ko kwabo bai rage mini ba."

Dattawa suka gyaɗa kai, an yaba da hankalin yaron. Ma'aikacin ya share gumi.

"Baba, kuna da 'ya'ya?"

"Akwai ɗaya."

"Yana ina?"

"Yana aikin gwamnati. Soja ne."

"Yana aiko muku da wani abu?"

Kowa ya san amsar, kowa kuma ya san in an faɗe ta an faɗi abin da ake tsoro ke nan. Alhaji Ashafa ya yi gyaran murya. "Yaro ne mai albarka," ya ce. "Ba ya mance iyayensa." Aka amsa da Allah ya dawo da shi lafiya.

Daga bayan labulen shigifa Gwaggo Mero ta ce, "Malam..."

"Ke, kawo wa baƙo ruwa," in ji Malam Gwadabe, bai juya ba.

Saurayin ya ajiye alƙalaminsa a kan gwiwa. Ya matso har gwiwarsa tana taɓa buzu, ya rage murya, ko da yake a zauren nan ko numfashi aka yi kowa zai ji.

"Baba, don Allah ku taimake ni in taimake ku. Abu ɗaya zan tambaya. Kalma ɗaya ta ishe ni in rubuta. Rigar nan taku ce?"

Malam Gwadabe ba ya ganin fuskoki, amma ya san inda kowa yake zaune. Ya san mai rigar yana dab da hannun damansa. Ya san akwai waɗanda ya yi wa ɗinki kyauta a zamanin da yake da shi, da waɗanda suka ci tuwo a zauren nan suna yara. Ya ji motsin labule a bayansa, ya san wadda take riƙe da shi. Ya ɗora tafin hannu a kan aikin wuyan rigar, ya shafa shi kamar yadda yake shafa fata ya ji kyanta.

"Tawa ce," ya ce.

Saurayin ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗauki alƙalami ya yi ɗan rubutu gajere, ya miƙe. Aka fito da kaza, ya ce ya gode, yana sauri.

"Allah ya ƙara rufa asiri, Baba."

"Amin, ɗana."

Da ƙarar kekensa ta ɓace, zaure ya ɓarke da hira. An fita kunya, in ji wani. Ka ga yadda ya tsaya yana kallon bango? in ji Gambo. Sai Ɗanladi ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, yau kun fito da mu," ya bubbuga bango sau biyu ya fita.

Da yamma mata suka zo suka kwashe kwanukansu. Aka ninke riga aka mayar ta kan katanga.

Ba a daɗe ba amsa ta zo ta bakin mai unguwa. An duba, an ga Malam Gwadabe yana da hali, zai biya kamar kowa. Mai unguwa ya koma ofis ya yi bayani, aka ce masa ba a duba gida sau biyu a shekara, in ba haka ba kowa ma sai ya ce a sake. Sai a lokacin lungu ya gane abin da ya yi. Tani ta zo ta zauna a tsakar gida tana kuka. Gambo ya daina bi ta ƙofar. Aka yi ƙoƙarin haɗa wani abu, amma kowa da nasa kuɗin gidan a wuya, kasuwa kuma ta mutu tun da hanyar kudu ta toshe, Alhaji Ashafa kansa rabin rumfarsa babu kaya. Abin da aka tara bai kai ko'ina ba.

Ranar da masu karɓa suka shigo lungun da yake bayansu, aka ga sun fito da wani tsoho sun zaunar da shi a rana a bakin titi, yara suna kallo. A ranar ce kuma ruwan da aka daɗe ana jira ya sauka, kamar da bakin ƙwarya. Yaɓen da aka yi cikin gaggawa a kan busasshen bango ya jiƙe, ya kumbura, ya zame ya faɗo gaba ɗaya. Tsagar ta fito yadda take, har ta fi da faɗi. Malam Gwadabe ya sa yatsa a cikinta, ya bi ta har bakin ƙofa, ya tsaya ruwa yana dukan ƙafarsa.

"A kira mini Ɗanladi," ya ce.

Gwaggo Mero tana bayansa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce don me ba. Ta ce, "Kalma ɗaya ya roƙe ka, Malam."

"Na sani."

"To."

Gambo aka ɗauka ya toshe ƙofar da ta haɗa shigifa da tsakar gida, ya huda wata ƙarama ta baya, wajen kwata. Ya yi aikinsa kai a sunkuye. Da ya gama ya tsaya yana murza ƙasar hannunsa.

"Gwaggo, na gama."

"Sannu, Gambo," ta ce. Ba ta ce ango ba.

An biya kuɗin gida. Zaure ya zama sito, aka cire tsohon ƙyauren aka sa na ƙarfe da ƙaton kwaɗo. Malam Gwadabe ya koma zama a tsakar gida, bai cika fita ba, don bai san hanyar sabuwar ƙofar ba, babu abin da zai bi da yatsa.

Ita kuwa Gwaggo Mero, kullum da safe sai ta ɗauki mazari da audugarta da 'yar tabarma, ta fita ta baya, ta tsallake kwata, ta zagayo ta lungu, ta zo ta zauna a gindin ƙofar ƙarfen. 'Yan dako masu sauke buhuna sun saba da ita, sukan kauce mata. In ta ji takun takalmi mai nauyi sai mazarin ya tsaya, ta ɗaga kai, har mai takun ya wuce.

A nan Ɗanladi ya same ta wata la'asar. Ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi, ya ajiye mata goro a gefen tabarma.

"Gwaggo, ana ta hutawa? Yaya Baba?"

"Yana ciki."

"Madalla. Ki gaishe shi. Ki ce masa in baɗi ta zo, kada ya damu, muna nan."

Ya miƙe ya bi gefen katanga, wajen da ɗakinta yake daga ciki. Tana jin hannunsa yana bubbuga bangon a hankali, yana tafe yana bubbugawa, har ya sha kwana. Daga can tasha jirgi ya yi kuka. Ta kasa kunne ta ji ko mai tafiya ne ko mai dawowa, ba ta gane ba, ta ci gaba da kaɗinta.